Sunan Asta a Bakin Murhu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifiyarki Rakiya, a unguwar Hausawa ta Nubel a Duwala, zuwa ga 'yata Zainabu, Abu tawa. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Allah ya sauke ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa ki tarar da maigidanki da mutanensa cikin alheri. Amin.

Bayan haka, na cusa wannan takarda a tsakanin zannuwanki, na ce kada ki buɗe sai jirgin ƙasa ya haye kogin Wuri. Ba wani asiri ba ne a ciki. Ba zan iya kallon idonki ina faɗin abin da zan faɗa ba ne kawai. Ki yi haƙuri da rubutun, idona ya fara gajiya, ga damina ta hana tawada bushewa.

Na ji saƙon da matan Kwansamba suka aiko. Mota ta faɗa rami da 'yan gayyar girkinsu suna dawowa daga biki, uwar gayyar ta rasu tare da waɗansu, waɗanda suka rage kowa ta shige ɗakinta. Da suka ji za ki tare a garin, sai suka ce Allah ya kawo musu 'yar Malama Rakiya, wadda ta tashi gayyar Nubel daga toka bayan gobara, suna so ki riƙe musu tasu. Na ga yadda fuskarki ta yi haske. Kika ce mini, "Inna, yadda kika yi, haka zan yi." Tun daga ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Abu, in kika yi yadda na yi, za ki ƙarasa abin da mota ta rage. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka ki saurara.

Lokacin gobarar kina ƙarama, kina Yawunde wurin gwaggonki, labari kawai kika ji, kuma labarin da aka gyara ne. Iya Tabawa ce ta kafa gayyar nan, tun Hausawa ba su yi yawa a Duwala ba, in an yi rasuwa ba a samun mai dafa wa masu makoki. Ta tara mu, Hausawa da Fulanin Garwa da Barebari. Duk gidan da aka yi suna ko aure ko mutuwa, mu ake kira, gidan mai shi da na marar shi. Manyan tukwanenmu suna rumfar bayan gidanta. Da ta makance ba ta daina zuwa ba, tana zaune bisa tabarma, da hanci take gane miya ta nuna. Ni ce idonta, ni ce ƙafarta.

Kowa da aikinta. Adda Dudu, Bafillatana, ita ke tuƙa tuwo. Yagana, Babarbariya, ita ke miya da suya. Kin san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, to su biyun nan ba sa gajiya. Yagana ta ce, "Baiwata, ba ni muciyar nan, hannu kamar sillen kara, za ki faɗa cikin tukunya mu rasa nama mu sami ƙashi." Dudu ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba, "Wanda ya yi miki shuka a fuska, har yau bai zo girbi ba?" Sai wuri ya kaure da dariya. A gefen Dudu kuwa 'yarta ta fari ke zama, Asta, matar wani mahauci, ita ke tankaɗe. Baki gare ta kamar gidan rediyo. Tun safe har yamma ba abin da kake ji sai, "Asta, kawo gari! Asta, rage surutu! Asta, Allah ya shirye ki!"

Wutar ta tashi cikin rani, bayan azahar, daga can wani lungu. Har yau ban san gidan wa ba, kuma na daina tambaya. Kin san gidajenmu na lokacin, katako ne da jinkar ganyen tukurwa, lungu kuwa in kina ɗauke da faranti sai kin karkace. Iska ta taso daga kogi. Kafin motar kashe gobara ta sami hanyar shiga, layinmu ya zama wuta guda. Kowa ta kwashi yara ta yi wajen layin dogo. A can aka duba ba Iya Tabawa. Asta ce ta koma. An ga shigarta, ba a ga fitarta ba. Jinka ta rufta musu su biyu.

Haka na wayi gari uwar gayya, ba wanda ya naɗa ni, ba kuma tukunya ko ɗaya da ba ta fashe ko ta lanƙwashe ba.

Kuskurena ya fara tun a zaman makoki. Ni ce mai karatu a cikinsu, sai na ɗauka aikina ne in tsare bakin kowa. Duk wadda ta fara kuka, sai in matsa kusa da ita in ce a hankali, "Haba, ki yi shiru, hawaye ba ya amfanin mamaci, ki yi musu addu'a." Ban taɓa ɗaga murya ba. Da ma na ɗaga, da wata ta sami abin da za ta yi mini musu a kai. Amma wa zai yi jayayya da mai magana a hankali tana ambaton Allah? Na sani sarai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa ya rasu. Na karanta, na karantar. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da sukar ƙaddara. Amma na haɗa duka na hana, domin gaskiyar magana kukansu tsoro yake ba ni. In suka fara, ni ma zan fara, kuma ban san inda zan tsaya ba.

Ke dai, in kin isa, kada ki zama murfin tukunyar kowa. In sun yi kuka, zauna. In naki ya zo, ki bar shi ya zo, ba zai rage miki girma ba. Haƙuri ba a ɗura wa mutum shi kamar magani.

Ana cikin haka wani Bature ya zo da tafintansa da igiyar awo, suna duba inda ya ƙone, ana cewa za a yanka tituna, za a hana girki a lungu. Jandarma na korar mu da "Sirkile, sirkile!" wato a watse, muna tsaye a kan tokar gidajenmu. Sai na tsorata, na ce in ba mu nuna muna nan da ranmu ba, gayya ta mutu ke nan. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, wani dillalin goro ya aiko zai aurar da 'yarsa, na amsa ban shawarci kowa ba. Na tara mata na ce, "An wuce wurin. Daga yau ba na son jin maganar wuta a bakin murhu, ba na son a riƙa kiran sunan waɗanda suka tafi ana tayar da hankali. Wadda ta tuna su ta yi musu addu'a a zuciyarta." Ba wadda ta tanka. Na ɗauka yarda ce.

Ana gobe bikin, maƙwabciyarmu ta bayan kwata, Mami Marta, 'yar Bamileke mai sayar da koki, irin alalar wakensu, a bakin tasha, ta zo da 'yan ƙungiyarsu ɗauke da manyan tukwane a ka. Ta sauke a ƙofar rumfar da muka kafa, tana haki. Ta ce, "Ashiya, sannu, Mami Malam, ashiya. Wuta ba ta san coci ba, ba ta san masallaci ba. Ku dafa a ciki har ku sami naku." Abu, na tsaya ina kallon tukwanen nan, ba abin da ke yawo a kaina sai me aka taɓa dafawa a ciki. Na yi mata godiya mai kyau, na ce mun riga mun sami wasu. Ƙarya na yi, Allah ya gafarta mini. Ta dube ni, ta dubi rumfar da ba komai a ciki, ta gane. Ta ce wa matanta su ɗauka. Ina jin ƙarar tukwanen suna gugar juna har suka sha kwana.

Da na gaya wa Malam babanki, Allah ya jiƙansa, sai ya ce, "Ruwa fa yana tsarkake tukunya. Zuciyar da kika ɓata, da me za ki wanke ta?" Daga baya na ji wake da masara kaɗai suke dafawa a waɗannan, sun ware su ne musamman saboda mu. Sun yi tunanin addinina fiye da yadda na yi tunanin mutuncinsu.

Saboda haka duk hannun da aka miƙo muku a Kwansamba, ki karɓa, ko na wane ne. In akwai abin tambaya, ki tambaya da sakin fuska, ba a mutuwa don an yi tambaya. Gayyar da ta faɗi ba ta tashi da hannun 'yan gida kaɗai. Kuma ki lura, wani abin da muke kira tsantseni, girman kai ne ya yafa mayafi.

Bikin dillalin goro kuwa, kada Allah ya maimaita. Muka bi gida-gida muna aron ƙananan tukwane, muka jera murhu barkatai. Hayaƙi na tashi sai na ga mata suna ja da baya daga murhu. Manja ya kama wuta a kaskon Yagana, irin abin da da can da murfi za ta kashe tana zagin kasko. Ran nan sai ta yar da matsami ta zura da gudu, ba ɗankwali, har bakin titi. Matar da ta shekara da shekaru tana suya! Da ta dawo, ni kuma na ce mata a gaban mutane, "Haba Yagana, ina tawakkalin?" Tuwo ya ƙone, miya ba ta kai ba, baƙi suka tashi da yunwa.

Kada ki yi gaggawar karɓar babban aiki don a ce kun farfaɗo. Masu cewa kun farfaɗo ba su za su tsaya a gaban wuta ba. Kuma matan can, mota ce ta cuce su. Wata za ta ƙi shiga mota, ko bikin ɗan'uwanta ne. Kada ki ce mata ina tawakkali. Ki ba ta aikin cikin gari, har ranar da ita da kanta za ta ce ta shirya.

Yanzu na zo kan wanda ya fi yi mini nauyi. Na ajiye alƙalami na yi alwala kafin in ci gaba.

Duk abin nan da ake yi, Adda Dudu ba ta taɓa fashi ba. Ita ke riga kowa zuwa. Ta ɗaura ɗamara, ta kama muciya, ta tuƙa tuwonta, ido a bushe. A makoki ma ba wanda ya ga hawayenta. In an yi mata ta'aziyya sai ta ce, "Jam," wato lafiya, "sai godiya," ta kau da kai kamar 'yar wani ce ta rasu. Ni da na girma cikin Fulani, na san kunyar ɗan fari. Mu ma muna yi, ke shaida ce ba ki taɓa jin sunan yayanku a bakina ba. Amma tasu ta fi tamu tsanani. Dudu ba ta taɓa kiran Asta da suna ba, sai "waccan", ko "yarinyar nan". Ba ta yabonta, ba ta kallonta a gaban mutane, balle ta yi mata kuka. Na san duk wannan. Amma da yake shirunta ya yi daidai da abin da nake so, sai na kira shi haƙuri.

Na mai da ita abin misali. Duk wadda na ga ta yi sanyi sai in ce, "Ku dubi Adda Dudu. Ita da ta rasa 'ya, ga ta nan tsaye. Ku me kuka rasa?" Na faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tana ji, muciya na hannunta. Kuma don kada gurbi ya zauna fili yana tuna wa mutane, na ɗauko wata amarya na zaunar a gefenta, daidai inda Asta ke zama, na miƙa mata rariya. Dudu ta matsa mata tabarma, har da cewa, "Zauna, 'yata."

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ba kowace fuska ba, Abu.

Wata rana dai ba ta zo ba. Na aika, aka ce tana gaisuwa, ƙafa ke damunta. Daga nan sai aka fara zamewa. Wannan ta ce mijinta ya hana, waccan ta ce goyo, wata ta ce za ta Garwa ganin gida, alhali ina hango ta a kasuwa tana sayen rogo. Ba wadda ta yi mini rashin kunya. Kowa ta gaishe ni har ƙasa ta tafi. Kafin damina ta kankama, aka yi rasuwa a gidan wani ɗan dako, talaka ne, irin gidan da Iya Tabawa ta kafa gayya dominsa. Na aika kira, na je na hura wuta na zauna. Har la'asar ba wadda ta zo sai Yagana. Masu makoki suka wuni da ruwa da goro.

A nan Yagana ta same ni. Ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Malama, yau zan faɗa miki, in kin so ki yi mini Yasin."

Na ce, "Subhanallahi, Yagana, faɗi."

Ta ce, "Allah ya ba ki karatu, ya hana ki kunne. Kin iya wankan gawa, ba ki iya jinyar masu rai ba. Kin san abin da ya sa ba sa zuwa? Kowa a cikinmu da wuta take kwana a ƙirji. Mu zo nan kuma ki ce mu yi kamar ba a yi ba. To a gida ma muna iya yin shiru, sai mun sha hayaƙi?"

Na ce, "Ni gayya nake so ta tsaya."

Ta ce, "Gayya tukunya ce? Mu ne gayya! Ita kuma baiwata da kike nunawa da yatsa kina ku dubi Dudu, ku dubi Dudu, kin taɓa dubanta ke? Zanenta har ya zagaye ta sau biyu. In na tsokane ta ba ta ramawa. Bafillatanar da ta bar Babarbariya ta ci bulus, ai ta mutu, saura binnewa."

Na zauna ina kallon itacen da na hura yana cinyewa a banza.

Abin da mutane ke yabona a kai, daga nan ya fara, kuma ba ni na yi ba. Yagana ce ta bi gida-gida. Ba ta ce a zo girki ba, ta ce a zo a taya ta ɓare gyaɗa. Ranar ana ruwan nan na Duwala da ba ya ɗaukewa, muka cushe a ɗakinta. Ta ce da ni a gaban kowa, "Malama, yau ke ɗaliba ce. In kika ce haƙuri ko sau ɗaya, waje za ki koma cikin ruwa." Aka yi dariya, dariyar farko tun gobara. Sai ita ta fara. Ta faɗi inda take da wuta ta tashi, da abin da ta ɗauka, wai murfin kwano ta tsinci kanta da shi a hannu, ta bar akwatinta. Wata ta karɓa. Wata ta ce ita ce ta ƙarshe da ta ga Asta, ta kama mata zane, zanen ya zame. Tun ranar take ganin da ta riƙe da kyau da ba a yi haka ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, saboda na hana. Aka yi kuka, aka ɓare gyaɗa, aka sake kuka. Da aka zo kaina na ce, ni ce idon Iya Tabawa, kuma ranar na kwashi allunana na manta da ita. Ban taɓa furta wannan ba sai ran nan.

Ba zama ɗaya aka yi ba, an yi ta yi har damina ta ja baya. A cikin zaman nan ne dabaru suka riƙa fitowa, kowa da tata. Wata ta ce kada a sake tara tukwane a gida guda, a rarraba. Wata ta ce kafin a hura wuta a ajiye ganga cike da ruwa da bokitin yashi, murhu kuma ya yi nesa da bango. Aka ce duk tsohuwa ko marar lafiya da ke unguwa a san wadda za ta fara nemanta in wani abu ya faru. Aka ce uwar gayya ba za ta amsa aiki ita kaɗai ba, kuma kowane aiki a sami mutum biyu da suka iya shi. Muka je wurin Mami Marta ni da Yagana, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Mami Malam, tukunya ba ta fushi," ta ba mu aro. Muka fara da ƙaramin suna, na gidan ɗaya daga cikinmu, inda ko tuwo ya ƙone ba mai yi mana gori.

Kin ga ke nan. In kin je, ki nemi Yaganarsu. Kowace gayya tana da mai bakin da ba ya jin tsoron uwar gayya. Kada ki ture ta, ki jawo ta kusa, ko da maganarta na da ɗaci. Kuma kada ki isa da tsari a ƙulle cikin ɗankwali. Ke baƙuwa ce, ba ki ga ramin ba, ba ki ji ƙarar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Amma duk zaman nan Dudu ba ta zo ba. Tuwonmu wata ke tuƙawa, yana yin gudaji, ba mai magana. Na riƙa zuwa gidanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, mu gaisa. Lafiya, jam. Ya gida, jam. In ce, "Adda, na zo ba ki haƙuri ne." Ta ce, "Haƙurin me, Malama? Ba ki yi mini komai ba." Wannan kalma ta fi mari ciwo. Na yi ta komawa har na fara jin kunyar maƙwabtanta.

Ranar da ta yi magana, na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Ban ba ta haƙuri ba ran nan, na gaji da jin bakina. Na sa hannu muna tsincewa tare. Mun jima a haka, sai ta ce, idonta na kan faifai:

"Malama, kin san tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba."

Na ce, "Na sani, Adda."

Ta ce, "Babanta ma ba ya kira. A gidan nan ba mai kira. Ba don tuwo nake zuwa gayya ba, tuwo ina da shi a gida. A can ne nake jin sunan. Wannan ta kira, waccan ta kira, har da masu zaginta. Ina tuƙi ina ji, ba wanda ya san ina ji." Ta ɗauke wata tsakuwa ta yar. "Da ta tafi na ce ba komai, zan je, wata za ta yi kuskure ta kira. Ko ta ce, da waccan na nan da ta ce kaza. Na yi ta zuwa ina jira. Sai kika hana."

Abu, na so ƙasa ta tsage. Matar nan ba ta da inda za ta ji sunan 'yarta a duk faɗin duniya sai a bakinmu, ni kuma na bi na toshe bakunan, sa'an nan na tsaya a kanta ina yabon haƙurinta.

Na ce, "Adda, me zan yi?"

Ta ce, "Ni ba zan iya ba. Ko yanzu ba zan iya ba."

Na gane abin da take nufi. Na buɗe baki na ce, "Allah ya jiƙan Asta." Ba ta motsa ba. Na ce, "Asta mai surutu. Asta da ta taɓa zuba mini gari a ka ta ce wai na yi furfurar malamai." Sai na ga ɗigo ya faɗa cikin shinkafar, wani ya biyo. Ba ta share ba, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hayaƙin maƙwabta ya cika shigowa gidan nan." Na ce, "Ƙwarai, Adda, ya cika." Ba wanda ya hura wuta a layin.

Shi ne asalin abin da kika taso kina gani, da kike tsammanin tsohuwar al'ada ce. Kafin a kunna murhun gayya, uwar gayya ta tsaya ta kira sunan waɗanda suka riga mu, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, a yi musu fatiha, wadda ta tuna wani abin dariya nasu ta faɗa. Dudu ta dawo a girki na gaba. Yagana na hango ta ta ce, "Ga baiwata ta gaji da yawon kiwo!" Dudu ta karɓi muciya ta ce, "Na ji an ce Barebari sun mai da tuwo tsakuwa." Har yau in na zo kan sunan, sai ta sunkuya tana gyara itace. Kuma har yau ba ta ce ta yafe mini ba. Na roƙa sau ɗaya, ta ce ba komai. Ba ni da bakin sake roƙo. Na bar wa Allah, ina dai kiran sunan.

To, 'yata, a Kwansamba za ki tarar da masu kuka, za ki tarar da masu faɗa, waɗannan da sauƙi, sun nuna miki inda ke ciwo. Ki sa ido kan wadda za ta riga kowa zuwa, ta gaishe ki da fara'a, ta ce ba komai. Kada ki yabe ta a gaban mutane. Kada ki cike gurbin da ke gefenta sai ta ce. Ki bi ta gida, ki zauna, ki sa hannu a abin da take yi, ki kama bakinki. In ta ɗauki wata guda ba ta yi magana ba, ki koma. Ki tambayi sunayen waɗanda suka rasu tun ranar da kika sauka, ki haddace su kamar karatu, domin akwai wadda ba za ta iya faɗa ba, kuma a bakinki take jira.

Allah ya ba ki kunnen da ni ban samu da wuri ba. Allah ya sa ki fi ni. Ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare ku daga wuta da ruwa da ƙarfe, ya haɗa kan matan nan a hannunki, ya jiƙan nasu da namu. Ki gaishe da maigidanki. In kin yi sallah ki sa ni a addu'a, ki sa Adda Dudu kafin ni.

Wassalam. Mahaifiyarki, Rakiya.